Na ce mata "no pasa", sai ta wuce

Anti, ina gaishe ki daga wani gari kusa da Saragosa a ƙasar Sifaniya. Shekara biyu ke nan da na biyo maigidana nan, kuma wata huɗu da suka wuce na samu aikin kula da wata tsohuwa 'yar shekara 84, daga safe zuwa la'asar. Sifaniyancin da na iya na kunne ne, ban taɓa zama a aji ba. Yadda na ji 'yarta tana yi mata magana haka nake yi: "come", "toma", "levántate". Tun makon farko na ga tana ɗaure mini fuska, har ranar da ta dube ni ta ce ita ba sa'ata ba ce. Ban gane laifina ba. Makon jiya kuma na goge ƙasa da ruwa, ta fito da sandarta za ta banɗaki, na ɗaga murya na ce "no pasa, no pasa!" Sai ta yi murmushi ta ci gaba da tafiya, santsi ya kwashe ta, Allah Ya sa na riƙo ta kafin ta kai ƙasa. 'Yarta ta yi mini faɗa, ta ce in ba zan iya magana ba za su nemi wata. Ita kanta 'yar ba ta taɓa roƙona ba, sai "limpia esto, lava eso", wato goge wannan, wanke wancan, kamar baiwarta. Maigidana ya ce in rabu da su, mutanen nan ba su san girmamawa ba, shi a wurin aikinsa har shugabansu da "tú" yake kira. Ina buƙatar aikin, kuma wallahi ina tausayin tsohuwar. Yanzu ko buɗe baki tsoro nake ji. Me zan yi?

'Yar'uwarki a Sifaniya

Ƙanwata, Allah Ya ƙara tsarewa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne hannunki ya riga ƙasa isa ga matar nan. Ki riƙe wannan, domin tun ranar nan na san lissafin laifinki kawai kike yi. Abin da ya shiga tsakaninki da mutanen gidan nan wasali ɗaya ne a ƙarshen kalma, kuma ana gyara shi a mako guda. Kar ki ga na yi dariya in na ce ke da kike aikatau, aikatau ne ya ɗaure miki kai, don haka malaman Hausa suke kiran kalmar aiki irin su ci da sha da tashi.

Mu fara daga gida. Yaya kike tashin ƙaninki da safe? "Tashi!" Yaya kike tashin kakarki? Ba za ki taɓa tsayawa a kanta ki ce "tashi, sha magani" ba. Za ki rusuna ki ce "Hajiya, a tashi a sha magani", kamar da wani can kike magana ba ita ba. Sifaniyawa ma haka suke. Suna da "tú" na sa'a da yaro da ɗan gida, suna da "usted" na babba da baƙo da wanda ake jin nauyi. Shi "usted" ɗin asalinsa gaisuwar girmamawa ce, "vuestra merced", wani abu mai kama da "ranka ya daɗe" namu, bakin mutane ya yi ta tauna shi har ya gajarce tun wajajen ƙarni na 17. Shi ya sa har yau aikatau da ke biye da shi yake zuwa kamar ana maganar mutum na uku. To ke wata huɗu kina shiga ɗakin tsohuwa kina ce mata "ci", "karɓi", "tashi". A bakin 'yarta wannan shaƙuwa ce ta uwa da 'ya. A bakinki kuwa, baƙuwa kuma sa'ar jikarta, raini ta ji.

Ki yi mata uzuri. Mai shekara 84 ta yi ƙuruciya da aure a zamanin Franco, shugaban mulkin kama-karya na Sifaniya wanda ya mutu a 1975, lokacin da malami da likita da limamin coci duk "usted" ne, a ƙauyuka da yawa ma har iyaye. Bayan nan ne "tú" ya bazu ya cika titi da ofis. Yanzu ga ta, ƙafa ta ƙi, wata ce ke yi mata wanka, wata ce ke miƙa mata cokali. Ɗan abin da ya rage a hannunta shi ne yadda za a kira ta. Da ta ce ita ba sa'arki ba ce, ba korarki take yi ba, tana gaya miki abin da take so ne, sai dai ta faɗe shi da zafi.

Ga yadda abin yake. Aikatau masu bin ƙa'ida a harshen nan gida uku suke, ana gane su da wutsiyarsu a ƙamus: masu "-ar" kamar "tomar", sha ko karɓa, masu "-er" kamar "comer", ci, da masu "-ir" kamar "abrir", buɗe. In umarnin na sa'a ne, 'yan gidan "-ar" suna ƙarewa da a, sauran gidaje biyun da e: "toma", "come", "abre". In na girmamawa ne sai su yi musayar riga, mai a ya ɗauki e, mai e ya ɗauki a: "tome", "coma", "abra". Iyakarta ke nan. "Espera" ya koma "espere", dakata. "Descansa" ya koma "descanse", huta. "Bebe" ya koma "beba", sha. "Sube" ya koma "suba", hau.

Tarkon da ke kama masu koyo da kunne irinki shi ne wasalin ƙarshe shi kaɗai ba ya gaya miki komai sai kin san gidan kalmar. "Tome" da "come" duk da e suke ƙarewa, amma na farko girmamawa ne, na biyu kuma na yaro. "Toma" da "coma" ma haka, a juye. Saboda haka ki haddace su biyu-biyu kamar waƙa: ga tsohuwa "tome y coma", ga jikokinta "toma y come". In kin rikice a gaban faranti, ki tuna kalmarmu ta "koma", haka ake furta "coma", kuma ita ce ta manya. Ba ki ma lura ba kin daɗe kina amfani da wannan ƙa'ida: "perdone" da kike ce wa dattijo in kin taka shi a bas, da "perdona" da yara ke ce wa juna, umarni ne daga "perdonar", yafe.

Yanzu ranar santsi, don nan ne zuciyarki ta fi ciwo. A Hausa in za ki hana mutum wucewa ba ki cewa "ba wuce". Sai kin canza ginin gaba ɗaya kin ce "kar ki wuce". Sifaniyanci ma bai yarda a ɗora "no" a gaban umarnin sa'a a tafi ba. "Pasa" na nufin wuce, amma "no pasa" labari ne kawai, ba ta wucewa, ko abu ba ya faruwa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, akwai maganar da Sifaniyawa ke yi sau goma a wuni, "no pasa nada", wato ba komai. Ina da yaƙinin ita ta ji. Ta ga ƙasa a jiƙe, ta yi jim, sai ta ji kin ɗaga murya da farkon "ba komai", ta yi miki murmushin godiya ta taka. Ke kina hana ta, ita tana jin kina ba ta izini. Murmushin nan ma shaida ce ba ta tsane ki ba.

Hani ga babba shi ne mafi sauƙi a duk darasin nan: ki ɗauki umarnin girmamawa yadda yake ki sa masa "no". "Pase", wuce, "no pase", kar a wuce. "Abra", "no abra". "Coma", "no coma". Ga sa'a ko yaro kuwa, wannan siffar dai za ki ɗauka ki ƙara mata s: "no pases", "no abras", "no comas". Kin ga ashe wanda ya iya na girmamawa ya ci riba biyu, don daga shi ake gina hanin kowa. Shi ya sa nake so ki fara da shi ki bar sauran tukuna. Kalmar da matan ƙasar ke faɗa in sun goge ƙasa kuwa daga "pisar" take, taka: "no pise, que está mojado", kar a taka, a jiƙe yake. Ki kuma kula da leɓɓanki a kan p ɗin nan, kin san mu da mai da shi f.

Akwai ƙananan kalmomi da ke manne wa umarni a baya, irin "te" ɗin da ke cikin "levántate" da kika rubuto. Na girmamawa "se" ne: "levántese", a tashi, "apóyese en mí", a jingina da ni. Akwai kuma "lo" da "me", wato shi da ni: "tómelo", a sha shi. "Llámeme", a kira ni. In hani ne sai su sauko daga baya su dawo gaba su tsaya su kaɗai: "no se levante", "no lo tome". 'Yar alamar da ke kan wasali tana nuna inda ake ƙarfafa murya ne, ba ta matsawa ko kalmar ta yi tsawo. In rubutu za ki yi wa 'yarta a waya, ki san cewa masu ƙarewa da "-car" da "-gar" da "-zar" suna ɗan canza harafi don sautin ya tsaya yadda yake, shi ya sa za ki ga "no toque", kar a taɓa, da "trague", a haɗiye. A baki babu wani bambanci da zai dame ki.

In jikoki sun cika gida ranar Lahadi za ki ji ana "pasad", "comed", "abrid". Wannan na jam'in yara da sa'o'i ne, r ɗin ƙarshe ake mayarwa d. Manya da yawa kuwa n ake ƙara wa na girmamawa, "pasen", "coman". A Latin Amurka da Tsibiran Kanari wannan na biyun ake yi wa kowa, yaro da babba, don haka in kin yi amfani da shi ga kowane taro ba wanda zai kasa gane ki. Akwai kuma 'yan tawaye takwas da ba sa bin ƙa'ida a umarnin sa'a, "ven", "pon", "haz", "di", "sal", "ten", "ve" da "sé", wato zo, sa, yi, faɗa, fita, riƙe, tafi da zama, kin riga kin saba jin su daga bakin 'yar gidan. Ki gane su in an faɗa miki, ya isa a yanzu.

Sai ita 'yar. Zan gaya miki abin da ba lalle ya yi miki daɗi ba: "limpia esto" ba zagi ba ne a Sifaniya. Ki shiga kowane shagon shayi da safe ki saurara, za ki ji mutum ya ce wa mai shago "ponme un café", zuba mini gahawa, babu roƙo babu komai, kuma su rabu suna dariya. Ladabinsu a murya yake da fuska, da 'yan kalmomi irin "anda" da "venga", da maimaitawa. In mai gida ya ce "pase, pase" ko "coma, coma", daidai yake da namu "shigo, shigo mana", "ci mana". Matan Kolombiya da Ekwado da Honduras da ke irin aikinki, waɗanda harshen uwarsu ne, su ma da yawansu in sun zo sabo sai su ji maganar Sifaniyawa ta yi musu tsauri. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Faɗan da ta yi miki kuwa, ki sa kanki a matsayinta: an kira ta a wurin aiki an ce uwarta ta kusa faɗuwa, kuma ta san karayar ƙugu a wannan shekarun ita ce ke kwantar da tsoho. Tsoro ne ya fito a siffar faɗa. Ban ce ta kyauta ba da ta yi miki barazanar kora.

Amma ki bambance nahawu da wulaƙanci. In tsawa take yi miki a gaban mutane, ko tana ƙara miki awanni ba biya, ko ba su yi miki rajista da hukumar inshorar ma'aikata ta Seguridad Social ba alhali doka ta ɗora wa mai ɗaukar 'yar aikin gida yin hakan, to wannan wata magana ce daban, kuma ba wasali ne zai gyara ta ba. In haka ne ki sake rubuto mini. Wasiƙarki dai ba ta nuna hakan ba.

Maigidanki bai yi ƙarya ba game da wurin aikinsa. A sito da gona da wurin gini kowa "tú" ne, har shugaba, wanda ya dage da "usted" ma sai a ga kamar yana ja da baya. Kuskurensa shi ne auna ɗakin tsohuwa da ma'aunin sito. Kar ki yi masa gardama a kan halin Sifaniyawa, ba za ku gama ba. Ki ce masa kawai, da mahaifiyarsa ce a kwance a gida aka kawo yarinya tana ce mata "tashi, ci", yaya zai ji? Sannan ki ba shi aiki. Bayan sallar isha'i minti goma, shi ne tsohuwar, ke kina ba shi magani kina hana shi taka ƙasa. Zai yi dariya, ke ma za ki yi, kuma bakinki zai saba a inda kuskure ba ya kayar da kowa. Na san ciwonki yake ji shi ya sa ya ce ki bar aikin, sai ki nuna masa hanyar da zai taimaka ba tare da albashi ya tafi ba.

Abin da nake so ki yi a daren yau, ki samu takarda ki bi wuninki daga shigarki gidan zuwa fitarki, ki rubuta duk abin da kike sa ta yi ko kike hana ta. Ba za su wuce goma sha biyu ba. Kowanne ki rubuta shi a siffar girmamawa, da haninsa a gefe, ki liƙa a jikin firij inda idonki zai riƙa faɗawa. Guda uku kuma ki haddace su har su riƙa fita ba tunani, don ranar haɗari ba a tsayawa lissafin wasali: "¡cuidado!", hattara, "¡espere!", dakata, "¡pare!", tsaya. Lambar gaggawa 112 ce, ki sa ta a saman takardar. Goge ƙasa kuma ki riƙa yi lokacin da take barcin rana, ki gicciya kujera a bakin ƙofa har ƙasa ta bushe, don kujera ba ta kuskuren nahawu.

Ita tsohuwar, ki zaɓi lokacin da ta ci ta sha hankalinta a kwance, ki zauna kusa da ita, ba a tsaye a kanta ba, ki ce: "Perdone, señora, estoy aprendiendo. Corríjame, por favor." Wato a yi haƙuri, koyo nake yi, a riƙa gyara mini. Na fi son wannan a kan dogon ban haƙuri, saboda yana mayar mata da abin da tsufa ya ƙwace. Matar da kowa ke ba umarni tun safe, yau ga wadda ta zo neman ilimi a wurinta. Kar ki yi mamaki in ta zama malama mai tsanani, ta riƙa tsayar da ke a tsakiyar magana. Ki bar ta. Kuma kar ki koma "tú" don kin ga ta sake, sai ranar da ta ce da bakinta "háblame de tú" ko "tutéame", wato ki kira ni da "tú". Babba ne ke buɗe wannan ƙofar. Wasu suna buɗewa bayan wata guda, wasu har su koma ga Allah ba su buɗe ba, alhali suna ƙaunar mai kula da su kamar 'yar cikinsu.

In akwai ranar da kalma ta ɓace miki gaba ɗaya, ga hanyar ratse: "¿puede" sai ki kawo aikatau yadda yake a ƙamus. "¿Puede esperar?", za a iya dakatawa? "¿Puede abrir la boca?", za a iya buɗe baki? Ko ki haɗa da kanki ki ce "vamos a comer", mu ci abinci, wanda tsofaffi suka fi karɓa a kan a ce musu su ci. Babu musayar wasali a cikinsu, kuma duk ladabi ne. Sai dai ba sa aiki in mutum na dab da zamewa, shi ya sa na ce ki haddace ukun can.

Ga 'yar kuma, kar ki jira ta sake tayar da maganar. Ki tura mata saƙo gajere, ki ce kin gane inda kuskuren ya fito, kin so cewa "no pase" kika ce "no pasa", kin canza lokacin goge ƙasa, kuma za ki shiga aji. Mutumin da ya iya faɗin kuskurensa daidai har harafi, hankali yakan kwanta da shi. Ajin kuma ki shiga da gaske. Ƙungiyoyin agaji na Cruz Roja da Cáritas suna koyar da baƙi harshen a garuruwa da yawa, akwai makarantun manya na gwamnati, akwai kuma Escuela Oficial de Idiomas, makarantar harsuna ta gwamnati, in kina son takarda mai nauyi. Ki je ofishin ƙaramar hukumar garinku ki tambayi wanda ya fi kusa da wanda lokacinsa bai ci karo da aikinki ba. Ba don wannan gidan kaɗai ba: in wata rana kika nemi zama 'yar ƙasa, sai kin ci jarrabawar harshe ta DELE matakin A2 wadda Instituto Cervantes, cibiyar yaɗa harshen Sifaniyanci, ke shiryawa.

In kin yi duk wannan wata guda tsohuwar ba ta sauko ba, 'yar kuma kullum da barazana a bakinta, to ki fara cigiyar wani gidan a hankali tun kina wannan, kar ki fita cikin fushi hannu rabbana. Amma ban zaci za a kai nan ba. Gobe in kin kai mata karin kumallo, ki ajiye tiren, ki sassauta murya ki ce "coma, señora, coma, que se enfría", a ci kar ya huce, sannan ki dubi fuskarta. Ki rubuto mini abin da kika gani.